Yadda ake tantance na'urar motsa jijiya da lantarki kafin a ɗora ta a jikin majinyaci

Na'urorin da ke aika ƴar wutar lantarki cikin jijiya ko tsoka sun daina zama baƙi a Damagaram. Wasu suna shigowa cikin kayan ƴan kasuwar da ke saro haja daga Kano ta hanyar Daura da Matamaye, wasu ana tallarsu a WhatsApp da Facebook haɗe da bidiyon wani da aka ce ya miƙe ya yi tafiya, wasu kuma ɗa ne da ke zaune a Faransa ko Aljeriya yake aikowa saboda tausayin mahaifinsa da ɓarin jikinsa ya shanye. A cikinsu akwai na gaskiya, waɗanda asibitoci ke aiki da su, akwai kuma kayan tausa da aka lulluɓe da sunan magani. Ido ba ya iya raba su, domin kusan dukkansu ɗan akwatin roba ne mai batir da wayoyi da faci masu danƙo. Abin da ke raba su shi ne izinin da wata hukuma ta bayar, kuma izinin nan ba na komai da komai ba ne: ana ba da shi ga samfuri guda, domin aiki guda da aka rubuta, kamar yadda takardar tuƙin babur ba ta ba mutum damar jan tirela. Duk matakan da ke tafe suna komawa ga tambaya ɗaya, wato ko aikin da aka yarje wa na'urar shi ne wanda majinyacinku yake bukata.

A fara da sanin ciwon

Kafin a yi maganar saye, likita ya duba majinyaci ya faɗi inda matsalar take, domin wannan ne zai nuna ko lantarki zai yi amfani ko kuwa asarar kuɗi za a yi. Umarnin motsi yana tasowa daga ƙwaƙwalwa, ya bi ta laka, sannan ya fita ta jijiyoyin da ke isa ga tsoka. Idan lahanin a sama yake, kamar a shanyewar ɓarin jiki da hawan jini ke jawowa, ko a yaron da ƙwaƙwalwarsa ta samu rauni wajen haihuwa, ko a wanda lakarsa ta taɓu amma ba ta katse gaba ɗaya ba, jijiyar da ke cikin ƙafa ko hannu tana nan da ranta, umarni ne kawai ba ya iso mata daidai. Irin wannan jijiya tana amsa lantarki, tsoka ta motsa. Idan kuwa jijiyar ce da kanta ta mutu, kamar a shan inna, ko kuturta, ko yaron da aka yi wa allurar kinin a mazaunai ta taɓa babbar jijiyar ƙafa, na'urorin da aka saba gani ba za su ɗaga ƙafar ba ko an ƙure musu ƙarfi, sai dai fata ta ƙone. Mutum biyu na iya zuwa suna jan ƙafa iri ɗaya, yatsu na shurin ƙasa, amma na'urar ta yi wa ɗaya aiki ta kasa yi wa ɗayan, kuma mai shago ba shi da hanyar gane bambancin.

Akwai hali biyu da ba a tsayawa neman na'ura sam. Wanda bakinsa ya karkace farat ɗaya, ko hannu ya saki, ko magana ta sarƙe, asibiti za a nufa da shi a lokacin. Yaron da bai kai shekara 15 ba wanda ƙafarsa ko hannunsa ya saki kwatsam, a kai shi cibiyar lafiya mafi kusa, domin ma'aikata suna bin diddigin kowane irin wannan yaro saboda shan inna, duk da cewa tun watan Agusta na 2020 aka ayyana yankin Afirka a matsayin wanda ya rabu da ƙwayar cutar ta asali.

A gane ajin da na'urar take

Hukumomi suna tsaurara bincike gwargwadon haɗarin na'ura. Waɗanda ake mannawa a fata su ne suka fi yawa a kasuwa, kuma kashi uku ne da mutane ke yawan cakuɗawa. Mai tambarin TENS domin rage zogi aka yi ta, ba domin dawo da motsi ba. Mai tambarin EMS ko NMES tana sa tsoka ta takure ta saki, don kada ta bushe saboda rashin aiki, ko don sake koya mata motsi. Mai tambarin FES kuwa tana ba da wutar ne daidai lokacin da ake bukatar motsin, misali ta ɗaga tafin ƙafa a kowane taku. Wannan dabara ba sabuwa ba ce, tun 1961 likita Liberson da abokan aikinsa a Amurka suka bayyana ta ga masu shanyewar ɓarin jiki. Kuskuren da ya fi yawa shi ne a sayi ta rage zogi, wadda ta fi araha kuma ta fi samuwa, da fatan ta tayar da hannun da ya shanye. Tana iya kasancewa da cikakkun takardu na gaskiya, amma takardun ba su taɓa yin alkawarin wannan aikin ba.

Sai waɗanda ake dasawa cikin jiki ta hanyar tiyata, kuma galibinsu suna a aji mafi tsauri. Fitacciya a cikinsu ita ce DBS, wadda ake zura siraran wayoyinta can cikin ƙwaƙwalwa a haɗa su da batir da ake binnewa ƙarƙashin fatar ƙirji. Likita Alim-Louis Benabid ne ya buɗe wannan hanya a birnin Grenoble na Faransa a 1987. Jerin izinin da FDA, hukumar kula da magunguna da kayan asibiti ta Amurka, ta ba ta ya isa darasi: a 1997 an yarda da ita domin karkarwa, sai a 2002 aka ƙara da cutar Parkinson (mai sa karkarwa da sandarewar jiki) da ta yi nisa, sannan a 2003 aka ba da izini na musamman domin ciwon murɗewar gaɓoɓi. Fasaha ɗaya ce, amma kowane ciwo sai da aka kawo hujjarsa daban. Haka kuma sai a 2021 hukumar ta amince da Vivistim, na'urar da ake dasawa a jijiyar wuya don taimaka wa hannun da ya shanye, kuma da sharaɗin a haɗa ta da atisayen motsa hannu. Wanda ya san wannan ba zai saurari mai tallar da ke cewa akwatinsa guda yana maganin shanyewa da karkarwa da ciwon suga da rashin haihuwa ba.

A karanta kwali da bayan na'ura

Wannan mataki ne ya fi bukatar natsuwa, kuma yana da kyau a tafi da wanda ke karanta Faransanci ko Turanci. A juya na'urar, a duba ƴar takardar da ke manne a bayanta, sannan a gwada abin da ke jiki da wanda ke kan kwali da wanda ke cikin littafin bayani. Dole a ga cikakken sunan kamfanin da ya ƙera ta da adireshinsa, yawanci kusa da ɗan hoton masana'anta baƙi. Za a ga REF da lambar samfuri, da SN da lambar da ta keɓanta da wannan na'ura ita kaɗai. A kan jakar faci kuma za a ga LOT da ranar da amfaninsu ke ƙarewa kusa da hoton agogon yashi. Sababbin na'urorin da aka yi domin kasuwar Turai sukan ɗauki harufan MD cikin ɗan akwati, alamar cewa kayan asibiti ne, da lambar UDI, wadda ake bin sawun na'urar da ita. Idan an ƙera ta a wajen Turai, kamar Sin, za a ga EC REP da sunan wakilin kamfanin a can. Kwalin da ba ya ɗauke da komai sai sunan ƙasa da hoton mutum yana murmushi, a mayar da shi kan kanta.

Sai tambarin CE, alamar cika ƙa'idojin kasuwar Turai, wanda nan ne aka fi ruɗar mutane. Harufan biyu su kaɗai ana samunsu a jikin cajar waya da kayan wasan yara, domin akwai kayayyaki da yawa da kamfani ke buga wa tambarin da kansa. Na'urar da ke tura lantarki cikin jikin mutum domin magani ba ta cikin waɗannan. A dokar Tarayyar Turai mai lamba 2017/745, wadda ta fara aiki ranar 26 ga Mayu 2021, kayan asibiti aji huɗu ne, I da IIa da IIb da III, kuma irin waɗannan na'urori daga IIa suke farawa, waɗanda ake dasawa kuma suna III. Saboda haka wajibi ne wata cibiya mai zaman kanta da aka amince da ita ta binciki kamfanin, kuma lambarta mai alƙaluma huɗu ta fito kusa da CE. Misali 0123 ta TÜV SÜD ce, 0197 ta TÜV Rheinland, 0459 ta GMED ta Faransa, 2797 kuma ta BSI reshen Holan. Ana iya duba kowace lamba a rumbun NANDO na Tarayyar Turai a intanet. Idan takardar shaidar da aka nuna muku ta ambaci tsohuwar doka 93/42, wannan kaɗai bai sa ta zama ta bogi ba, domin an ba wasu tsofaffin takardu wa'adi zuwa ƙarshen 2027 ko 2028 bisa sharuɗɗa. Abin dubawa shi ne ko sunan kamfani da samfurin da ke takardar sun zo daidai da na hannunku. Sau da yawa takardar gaskiya ce, amma ta wata na'urar ce daban.

Ta ɓangaren Amurka, dokar 1976 ta kasa kayan asibiti aji uku. Na'urorin da ake mannawa a fata suna aji na biyu, kuma yawancinsu suna bi ta hanyar da ake kira 510(k), inda kamfani ke nuna cewa na'urarsa ta yi daidai da wata da ta riga ta shiga kasuwa bisa doka. Wadda ta wuce ana ba ta lamba mai farawa da K da alƙaluma shida, kuma duk mai waya zai iya rubuta lambar a shafin FDA ya ga sunan kamfani da takaitaccen bayanin aikin da aka yarda da shi. Waɗanda ake dasa wa ƙwaƙwalwa suna aji na uku, suna bin hanyar PMA, wadda ke neman hujja daga gwaji a kan majinyata. Abin da za a yi hattara da shi shi ne rubutun “FDA registered” a kan kwali, domin ma'anarsa kawai kamfani ya shigar da sunansa a rajista, ba wanda ya duba na'urar, kuma hukumar ta sha bayyana cewa ba ta ba da takardar shaidar rajista. Duk wata takarda mai hatimin zinariya da aka rataye a shago da wannan suna, wani ne ya buga ta. Ita dai FDA ta kuma bayyana cewa ba ta yarje wa wata na'urar motsa tsoka aikin rage ƙiba ko narkar da tumbi ba, kuma a 2002 hukumar kula da cinikayya ta Amurka ta maka masu tallar wasu ɗamarun ciki na lantarki a kotu saboda ƙaryar talla.

A cikin littafin bayani a nemi shafin da ya faɗi manufar na'urar da mutanen da aka hana amfani da ita. Littafin kirki yakan ambaci ma'aunin IEC 60601-1 na amincin kayan lantarki na asibiti, da IEC 60601-2-10 wanda ya keɓanta da masu motsa jijiya da tsoka. ISO 13485 kuwa shaida ce a kan tsarin aikin masana'anta, ba izinin na'ura ba ce. Ya kamata a faɗi gaskiya cewa tambari ba ya hana kuskure gaba ɗaya: badaƙalar robar da ake dasa wa mata a nono, ta wani kamfanin Faransa, wadda ta bayyana a 2010, ta faru ne a kan kaya masu CE, kuma tana cikin dalilan da suka sa Turai ta tsaurara dokarta. Duk da haka, kayan da wani ya bincika kuma ake iya bin sawunsu sun fi waɗanda ba a san ko daga ina suka fito ba.

A tambayi mai sayarwa, a tambayi hukumar gida

Izinin Turai ko na Amurka ba ya maye gurbin dokar Nijar. A ƙasarmu harkar magunguna da kayan kiwon lafiya tana ƙarƙashin Ma'aikatar Lafiya da hukumar ANRP da ke Yamai, kuma a nan Damagaram ofishin kiwon lafiya na jiha da masu farmasi masu lasisi su ne mafi kusa da za a tambaya ko mai shigo da kayan yana da izinin yin haka. Idan na'urar daga Najeriya ta fito, a nemi lambar rajistar NAFDAC, hukumar da aka kafa a 1993 wadda kayan asibiti ma ke ƙarƙashinta, a duba lambar a rumbunta na Greenbook. Lambar tana nuna cewa kayan sun shiga Najeriya ta ƙofa, amma ba ita ce izinin sayarwa a Nijar ba. A matakin nahiya an kafa hukumar magunguna ta Afirka, AMA, wadda yarjejeniyarta ta fara aiki a watan Nuwamba na 2021, da mazauni a Kigali, kuma Nijar na cikin ƙasashen farko da suka amince da ita. Sai dai mai saye a kasuwar Dole yau ba zai jira ta ba, shi ne zai yi tambayoyinsa da bakinsa.

Ba sai an yi rigima ba. Bayan gaisuwa ana iya cewa: “Alhaji, don Allah wane kamfani ne ya shigo muku da ita, kuma kuna da kwafin takardar shaidarta? Idan facin ya ƙare, a wurinku za mu samu? Idan ta lalace cikin wata uku, wa zai gyara?” Ɗan kasuwar da ya san kayansa zai amsa, ko ya kira wanda ya kawo masa. Wanda ya ce “Malam, ai kowa ita yake saye, ba a taɓa dawo mana da ita ba” bai amsa komai ba. A karɓi rasit mai ɗauke da sunan samfuri da lambar SN, a ɗauki hoton kwali ta kowane gefe kafin yara su mai da shi abin wasa.

Kyauta ma tana bukatar wannan bincike, ko da yake da nauyi a tuhumi abin da aka ba mutum don Allah. Na'urar da aka yi domin Amurka tana iya zuwa da caja ta wuta 110, alhali tamu 220 ce, don haka a karanta jikin cajar kafin a soka. Wadda wani ya riga ya yi amfani da ita an saita ta ne a kan ciwonsa da jikinsa, sai an sake saiti, kuma facinsa ba a mayar da su jikin wani. Hukumar Lafiya ta Duniya ta daɗe tana jan hankali cewa kayan asibitin da ake ba da su kyauta ba tare da littafi da kayan gyara da horo ba sukan ƙare a ɗakin ajiya.

A gwada a gaban kine kafin a kai gida

Ko takardu sun cika, ranar farko ta na'ura a asibiti ya kamata ta kasance, a gaban ma'aikacin gashi da motsa jiki, wato kine, kamar waɗanda ke Babban Asibitin Ƙasa na Zinder. Ga yadda gwajin na'urar ɗaga ƙafa yake gudana. Majinyaci zai zauna a kujera, a naɗe wando zuwa saman gwiwa, a goge fatar da ruwa a bar ta ta bushe ba tare da an shafa mai ba. Kine zai lalubo ɗan ƙullutun ƙashin da ke gefen waje na gwiwa, ya manna faci ɗaya dab da shi, inda jijiyar ke zagayowa kusa da fata, ɗayan kuma a kan tsokar da ke gaban ƙwauri. Zai fara daga sifili yana ƙara ƙarfi a hankali yana kallon fuskar majinyaci yana tambaya, “Baba, me kuke ji?” Da farko sai a ji kamar tafiyar kiyashi, can sai tafin ƙafa ya ɗago da kansa. Abin da ake so shi ne ya ɗago sama tare da ɗan karkata waje kaɗan. Idan ya murɗe ciki, ko ya fita waje da yawa, sai a gusar da facin da faɗin ɗan yatsa a sake. Bayan an dace ne ake sa ɗan makunnin da ke ƙarƙashin dunduniya cikin takalmi, wanda ke kunna wutar idan dunduniya ta bar ƙasa ya kashe ta idan ta sauka, sannan a yi tafiya ana riƙe da majinyaci. A ƙarshe a cire facin a duba fata: ɗan ja da ke bajewa bayan ɗan lokaci ba komai ba ne, amma bororo ko ƙuna alama ce ta a dakata.

Akwai abubuwan da littafin da aka rubuta a Turai bai yi tunaninsu ba. Makunnin dunduniya yana son rufaffen takalmi, alhali dattijon Birni ko Zango da silifa yake yini, yana cirewa a ƙofar masallaci da ta zaure. Akwai samfuran da ke gane taku ta karkatar ƙwauri ba tare da makunni ba, kuma gara a tambayi wannan kafin a biya. Alwala sau biyar tana kai ruwa kusa da wayoyi, saboda haka a koyi kashewa da kiyaye na'urar daga jiƙewa. Zafin watan Afrilu da Mayu, da ke haura digiri 40, yana narkar da danƙon faci yana kuma gajiyar da batir, hunturu kuwa yana busar da fata har ta tsage. Facin da ya bushe ba ya kama fata ko'ina, sai wutar ta taru a wuri ɗaya ta ƙona. Don haka kuɗin faci da za a riƙa saye a kai a kai yana cikin farashin na'urar tun ranar farko. Ba a manna faci ana cajin na'ura a bango, sai idan littafinta ya yarda da haka ƙarara.

Mutanen da ba a ɗora wa irin wannan na'ura sai da izinin likita sun haɗa da wanda aka dasa wa batirin zuciya, da mai farfaɗiya, da mai juna biyu, da wanda ake zargin gudan jini ya toshe masa jijiyar jini a ƙafa. Ba a manna faci a gaban wuya, ko a kai, ko ta yadda wuta za ta ratsa ƙirji daga gefe zuwa gefe, ko a kan miki, ko a kan kumburin daji. Mai ciwon suga ko kuturta da fatarsa ta daina ji ba zai san yana ƙonewa ba, haka wanda shanyewa ta ɗauke wa magana ba zai iya cewa a rage ba, saboda haka kada a kunna musu a fita.

A ganina, iyalai da yawa za su fi cin riba idan suka fara tambayar kine game da takalmin roba mai tallafe idon sawu. Gwaje-gwajen da aka yi a Amurka a kan masu shanyewar ɓarin jiki sun nuna cewa shi da na'urar FES kusan daidai suke wajen ƙara saurin tafiya, kuma shi ba ya son batir, ba ya son faci, ba ruwansa da ɗaukewar wuta. Na'urar tana da nata fifikon ga wanda takalmin ke takura wa, amma ko wanne aka zaɓa, ba ya ɗauke atisayen kullum da shan maganin hawan jini.

Idan tiyatar dasawa za a je yi a waje

Wanda aka ba shawarar DBS a Indiya ko Tunisiya ko Turkiyya ko Faransa, ya sani cewa tiyatar farkon aiki ce. Ba ta warkar da cutar Parkinson, tana rage alamominta ne, kuma ta fi amfanar wanda maganin levodopa ke yi wa aiki amma ƙarfinsa ya riƙa hawa da sauka. Bayan dasawa ana komawa sau da dama don daidaita wutar, kuma kowane kamfani da na'urar saitinsa, ta wani ba ta buɗe ta wani. Batirin da ba a cajinsa yakan yi kamar shekara 3 zuwa 5 kafin a canza shi da ƙaramar tiyata, mai caji kuma yana iya kaiwa shekara 15, amma yana bukatar wuta a kai a kai, abin da ya sa mai zama inda wuta ke yawan ɗaukewa zai tanadi sola. Mutuwar batir farat ɗaya tana iya dawo da ciwon da tsananin da ke barazana ga rai, kuma ba a fafe gora ranar tafiya: tun kafin a shiga tiyata a san inda za a canza shi, da kuɗin, da fasfo da biza.

Kafin a baro asibitin a karɓi katin dashe, wanda dokar Turai ta wajabta bayarwa, mai ɗauke da sunan na'ura da samfuri da lambarta da sunan kamfani, a kuma karɓi rahoton tiyata da takardar saitin ƙarshe. Katin ya zauna a aljihun majinyaci, a nuna shi ga duk ma'aikacin lafiyar da zai taɓa shi. Dalilin yana da nauyi. Akwai wani gashi mai ratsa tsoka da ake kira diyatami, wanda ke iya zafafa wayoyin da ke cikin ƙwaƙwalwa har su yi mummunan lahani ko kisa, kuma FDA ta fitar da gargaɗi a kansa a 2002. Hoton cikin jiki na IRM (MRI), mai aiki da maganaɗisu, ma ba a yin sa sai bisa sharuɗɗan da kamfanin ya gindaya wa wannan samfurin.

Idan wani abu ya faru

Ƙuna, ko jan wuta mai tsanani, ko na'urar da ke ƙara ƙarfi da kanta, ko batirin da ya kumbura, duk abin kai rahoto ne. A kashe na'urar, a kai majinyaci a duba shi, kuma kada a jefar da ita ko a kai wa mai gyaran rediyo ya buɗe, domin ita ce shaida. A ɗauki hoton fatar da na bayan na'urar, a rubuta rana da ƙarfin da aka saita da tsawon lokacin da ta yi a jiki. A miƙa bayanin ga likita ko kine ko mai farmasi, a roƙe su su isar da shi ga masu sa ido na Ma'aikatar Lafiya, sannan a aika kwafi ga mai shigo da kayan da kamfanin ta adireshin da ke kan kwali. Hukumar ANSM ta Faransa da FDA suna wallafa sunayen na'urorin da aka janye daga kasuwa, kuma da lambar REF da SN ko LOT ake gane ko taku tana cikin waɗanda abin ya shafa.